Ba a Waƙa Sai da Gawa

A garinmu na bakin teku, in mutum ya mutu, Gwaggo Pelagia ake fara gaya wa kafin Fada, limamin cocinmu. Fada zai zo a kan lokacinsa ya yi abin da littafi ya ce. Ita kuwa ita ke jan waƙoƙin makoki, waɗanda ake yi wa mamaci a gidansa kafin a kai shi coci. Ta gaji aikin ne wurin mahaifinta, wanda ya bar mata muryarsa da taurin kansa, bai ƙara mata da komai ba.

Gajeruwar mace ce, hannunta duk kanta saboda aikin ƙyafa kifi. Da ta shiga gidan mutuwa sai ta rufe madubi, ta tsayar da agogo, ta zaunar da mata a gefe ɗaya na akwatin gawa, maza a ɗaya gefen. Mata su ja, maza su amsa. Ina cikin masu amsa mata tun ina da gashi a ka, kuma ban taɓa jin ta ce na yi daidai ba. Wanda ya yi gyangyaɗi, ba ta ce masa komai, sai dai in an zo rabon kofi a tsallake shi.

Waƙar ƙarshe ita ce ta sallama. Mai ja ya ari bakin mamaci, ya juya ga matarsa ya yi mata sallama, ya juya ga 'ya'yansa, ya juya ga mahaifiyarsa in tana raye. Sai an yi wa mace wannan waƙar take sa baƙaƙen kaya, gari ya san mijinta ya tafi. Dokar Pelagia ɗaya ce, ita ma ta gado: ba a waƙa sai da gawa. "Waƙar tasa ce, ba ta masu kuka ba," in ji ta. "In ba ya kwance a nan, wa zai ji?"

Ɗa ɗaya gare ta, Alojz. Wata shekara da kaka ya fita kamun kifi da abokan aikinsa biyu, iska ta tashi. Teku ta dawo da gawar biyun, ta riƙe shi. Pelagia ta ja wa biyun waƙa daga farko har ƙarshe, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da aka kwana biyu, matarsa Halina ta same ta a rumfar kifi.

"Mama, Alojz fa?"

"Kin ga gawarsa?"

"Mama, kin san teku."

"Na san ta tun ba a haife ki ba. Ki kawo min shi, in yi masa."

Shi ke nan. An yi masa addu'a a coci, amma a wurinmu wannan ba ta gama magana. Halina ta zauna haka, ita ba matar aure ba, ita ba wadda mijinta ya rasu ba. Tana dafa wa 'yan makaranta abinci, tana renon 'yarta, tana sa kaya masu launi kamar mai jiran jirgin ruwa ya dawo da yamma. Pelagia kuwa ta ɗauke takalman Alojz na zuwa coci ta ajiye bayan ƙofarta, duk shigowar hunturu sai ta shafa musu mai. Kowa ya gane ba dokar take karewa ba, amma babu mai ƙarfin halin faɗa mata. Haka shekaru suka shige har 'yar ta isa shiga babbar makaranta.

Sai Fafaroma ya rasu. Aka yi ta buga ƙararrawa, aka ɗaura wa hotonsa baƙin ƙyalle, kyandir ya ƙare a shagon gari. Na ga mutanen da ba su zubar wa kawunnansu hawaye ba suna sharɓar kuka saboda mutumin da a talabijin kawai suka san shi. Ban ga laifinsu ba, ni ma na yi nawa. Fada Witold, wanda ya zo mana daga birni yana kuma son al'adunmu fiye da mu, ya ce sai an yi wa Fafaroma waƙoƙin makoki irin na garinmu a zauren coci. Da kansa ya je rumfar kifi, ina tsaye a wurin.

"Gawa fa, Fada?" in ji Pelagia.

"Tana Roma, Gwaggo. Ban jin za su aiko mana."

Ta ci gaba da jera kifi a sanda.

"In ba za ki iya ba," in ji shi, "sai in sa mai kaɗa molon coci ya ja."

"Wannan mai muryar akuyar? Fafaroma bai yi masa laifin komai ba." Ta goge hannu. "Zan ja. Shi daban ne, uban kowa ne."

"Amma a waƙar sallama ki tsallake wurin mata da 'ya'ya da uwa. Ba shi da biyun farko, uwar kuma ta riga shi rasuwa."

"Ba sai ka koya min ba."

Ranar da la'asar zauren ya cika. A inda akwati ya kamata ya kasance, an sa tebur da farin mayafi da hoton Fafaroma. Mun zauna, mata can, maza nan. Pelagia na gyara murya ke nan sai ga Halina ta shigo cikin baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har safa. Ta wuce kai tsaye, ta ajiye hular Alojz a gefen hoton.

"Ɗauke wannan," in ji Pelagia, ƙasa-ƙasa.

"Mama, ke kika ce ba a yi sai da gawa. Nuna min gawar Fafaroma, in ɗauke."

Fada ya shiga kallon takalminsa. Mu ma kowa ya sami abin kallo. Pelagia ta daɗe tana duban hular, sannan ta ja waƙar farko kamar ba abin da ya faru, muka amsa.

Da aka zo waƙar sallama, ta yi wa garin sallama, ta yi wa coci. Nan ya kamata ta tsallaka zuwa ƙarshe. Sai ta juya ta fuskanci Halina, ta ja baitin mata. Muka amsa. Ta juya ga jikarta, ta ja na 'ya'ya. Muka amsa. Saura na uwa. A al'ada sai mai ja ya dubi uwar ido da ido, ita kuwa ba ta da wanda za ta duba. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Duk tsawon zamana da ita ban taɓa tausaya mata ba sai ranar.

Halina ce ta miƙe. Ba ta da murya, kowa ya sani, amma ta tsaya a gaban surukarta ta ja baitin har ƙarshe, da sunan Alojz a inda ake sa suna. Pelagia ta zauna a kujera, hannuwanta a cinya, yadda ta sha zaunar da uwayen wasu. Muka amsa, aka rufe da addu'a ga Fafaroma.

Da aka fito da kofi da burodi mai zaƙi, ta kira Halina da yatsa.

"Kin ɗauko shi sama da yawa, shi ya sa kika shaƙe a tsakiya."

"To, Mama."

Ta ɗauki hular ta juya ta, ta sake ajiyewa a gefen hoton.

"Gobe ki biyo ki karɓi takalman nan," in ji ta. "Ki ba ɗan maƙwabcinmu Konkel. Ƙafarsu ɗaya."