Gammon Inna Hindu a Wadi Digla

Duk wanda ya san Inna Hindu a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, a zaune ya san ta: kan darduma kusa da taga, carbi a hannu, tana kallon motocin haya suna hargowa a ƙasa. Waɗanda suka san ta a tsaye suna can Kwatarkwashi, inda aka haife ta a gindin dutse. Tun tana ƙarama take hawa da tulu tana saukowa da itace. Da ta yi aure ta shiga kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kasuwannin ƙauye, duk a ka. Da wannan kan ta riƙe 'ya'ya bayan rasuwar mijinta, da shi ta haɗa wa ɗan farinta Ja'afar guzurin karatu zuwa Masar.

Ja'afar ya gama karatu ya zauna a Alƙahira, yana yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta. Da hali ya samu, ya ɗauko uwarsa. Ranar da ta sauka a filin jirgi ta ɗora jakarta a ka, ya yi wuf ya sauke, har da waige-waige.

"Inna, kin gama ɗaukar kaya a duniya," in ji shi.

Ya kuwa cika alkawari. Ko ledar gurasa matarsa Kausar ba ta barin ta riƙe. A hankali baya ya rusuna, ido ya koma kan ƙafa, gwiwa ta soma ƙara. Wata rana ta zauna a matakalar jirgin ƙasa, sai da aka kama ta ta miƙe. Shi ya sa da maganar Umra ta taso, Ja'afar ya ce ya riga ya nema mata keken da za a tura ta.

"Na guragu?" ta ce.

"Na dattawa, Inna. Ɗawafi da Safa da Marwa ba wasa ba ne. Kuma ladan ɗaya ne."

"Ban ce ladan ya ragu ba, Baban Ihsan." Ba ta kama sunansa, sai dai ta kira shi da sunan 'yarsa. "Amma ƙafar da ta sha zuwa kasuwa neman abin miya, ita za a naɗe a Ɗakin Allah?"

To, duk lokacin sanyi Ja'afar kan kwashi iyalinsa su je su kwana a Wadi Digla, wani busasshen kwari a bayan unguwar Ma'adi, a bar Inna da maƙwabta. Bana ta ce da ita za a je. Ta kuma kafa sharaɗi: in ta taka daga masauki zuwa ƙuryar kwarin ta dawo da ƙafarta, a bar zancen keke. Ja'afar ya amince da sauri, don ya tabbata ba za ta iya ba.

Husam, maƙwabcinsu Bamisire, shi ya ɗauke su a motarsa bayan Juma'a. Suka ratsa cunkoso, suka wuce dogayen gidajen Ma'adi, sai gari ya yanke kamar an sa wuƙa. Fararen duwatsu dama da hagu, ba bishiya, sai 'yan ƙananan ciyayi masu ƙaya. Suna kafa tanti Inna ta dafa jikin dutse, ta ji wani abu a tafinta. Ta duba, ƙwanson katantanwa ne birjik a cikin dutsen.

"Kaka, an ce mana a makaranta da can nan teku ne," in ji Ihsan.

"Ikon Allah. Ya tashi ya bar tarkacensa, kamar ɗan haya."

Suka yi Magariba a kan rairayi, suka ci dambun da Kausar ta yo, suka shige tanti da wuri saboda sanyi.

Bayan Asuba aka kama hanya. Ja'afar ya goya jaka, ya ba uwarsa sandar ƙarfe da wani jibgegen takalmi mai igiya. Kausar ta ɗauki kular abinci a hannu ɗaya, jarkar ruwa a ɗaya.

"Kaka ta zama soja," in ji Ihsan.

"Ke kuma ɓarauniyar da zan fara kamawa. Yalla, wuce."

Da farko lafiya. Amma ƙasar duk tsakuwa ce, Inna kuwa ta duƙa kan sanda tana kallon ƙafarta, kowane taku sai ta ji shi a gwiwa. Ta yi tuntuɓe, ta sake yi. Rana ba ta gama leƙowa kan duwatsu ba ta nemi wani dutse ta zauna tana haki.

Ja'afar ya tsuguna gabanta. "Ma'alish, Inna. Kin yi ƙoƙari. Khalas, ya isa haka, bari in kira Husam ya matso da mota."

Inna ta ɗaga ido. Kausar take kallo, yadda take sauya wa jarka hannu, jikinta ya karkace gefe guda. Can Inna ta kwance gyalen da ta ɗaura a ƙugu, ta murɗe shi, ta naɗe a hannu ya zama gammo, ta ɗora a ka.

"Kausar, ɗora mini ruwan nan."

Kausar ta dubi mijinta. A lokacin wasu samarin Misirawa na wucewa a kan kekuna.

"Haba Inna! A gan ki da kaya a ka, ni ina biye? Me za a ce da ni?"

"Wa ya san ka a nan? Dutse?"

Ihsan ta tuntsire da dariya. Kausar ta ce bismillah, ta ɗaga jarkar ta ɗora mata. Inna ta miƙe a hankali. Wuya ya tsaya, kafaɗa ta buɗe, baya ya miƙe, don mai kaya a ka ba ya duƙawa. Ta miƙa wa Ihsan sandar, ta kafa ido can gaba, ta fara 'yan gajerun takun nan na matan da suka saba kasuwa mai nisa.

"Baba, wallahi Kaka ta ƙara tsawo!"

Ja'afar ya bi bayanta da kallo. Wannan bayan ya sha bi yana yaro, riƙe da bakin zaninta, ƙamshin man gyaɗa na dukan hancinsa.

Gaba kwarin ya tsuke, bango ya matso bango har mutum zai iya taɓa duka biyun. Dutsen ya yi sumul, alamar ruwa ya daɗe yana gogarsa. Inda ake hawa, Inna ta dafa da hannu ɗaya ta haye, jarka ko girgiza. Wata Bamisiriya da ke saukowa ta kauce mata, tana cewa, "Masha Allah, ya Hajja!" A ƙurya, cikin inuwa, ta ce a sauke mata. Ta sha ruwa, ta tambayi alƙibla, ta yi walaha, ta daɗe a sujada.

Da za a juyo ta jijjiga jarkar, ta ji an sha fiye da rabi.

"Wannan ta yi sakayau. Ku kawo kular."

Da kula a ka ta iso masauki. Gwiwar ta yi tsami, ba ta ɓoye ba, Kausar ta gasa mata da ruwan zafi. A mota Ja'afar ya juyo.

"To a Harami me za ki ɗora?"

"Darduma da gorar ruwa sun isa su tuna mini in ɗaga kai. Kai dai kira mai keken naka."

Ya kira, a gabanta, ya ce a bar keken.

Da ƙafarta ta yi ɗawafi, da ƙafarta ta yi Safa da Marwa, tana hutawa inda ta gaji. Yanzu in kin bi ta Abbasiya da hantsi, za ki gan ta tana dawowa daga kasuwa, ledar tumatir da gurasa a bisa gammo. Masu kai gurasa a keke, da faifansu na katako a ka, sun san ta. In sun zo wucewa sukan buga mata ƙararrawa.