Kunnen Kawu na Hagu

Kawuna ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da lissafi, kuma waƙarsa ɗaya ce: "Mata ba su da kan lissafi. Ka yi tambaya, shiru kamar ruwa ya cinye su."

Ni na zauna a ajinsa, don haka na san inda gizo ke saƙa. Maza ke zama ta wajen ƙofa, mu mata ta wajen taga, daidai kunnensa na hagu, wanda ya mutu tun yana saurayi amma ya ƙi yarda. Sai mu yi ta ihun amsa har murya ta dushe, shi kuwa ya yaba wa namijin da ya maimaita abin da muka faɗa. Muka gaji, muka ja bakinmu.

Ana saura wata uku ya yi ritaya, bangon allo ya tsage. Aka mayar da allon bangon baya, aka juya kujeru.

Ya dawo gida baki buɗe. "Matan bana akwai kai! Mazan ne ko tari ba sa yi."

Na zagaya ta damansa na ce, "Kawu, mu ma fa mun amsa."