Harbi Biyu a Bakin Idon Ruwa

Kawu Yondon, yayan mahaifiyata, ba ya yarda da abu mai araha, kuma bai taɓa sayen mai tsada ba. Da wannan halin ya sayi bindigarsa. A shekarun da ƙungiyoyin kiwo na gwamnati suka watse aka raba wa kowa dabbobinsa, tsofaffin bindigogin soja ƙirar SKS suka fara yawo a hannun 'yan kasuwa. Ya tafi Uliyastai da gashin awakinsa, ya dawo da ita nannaɗe a takarda mai maiƙo, yana mita tun daga kan doki cewa lalle akwai abin da ke damunta, in ba haka ba me zai sa soja ya rabu da ita a kan abin da bai kai kuɗin sirdi ba.

Ya san irinta tun yana ƙaramin soja a kan iyakar kudu. Harsashi goma ake danna mata ta sama, kuma duk jan kunama sai ta tashi, ba sai an sake ɗana ta da hannu ba. Sauran mazan kwarinmu na kogin Ider duk masu harbi ɗaya suke riƙewa, wadda sai an ja ƙarfenta baya an mayar kafin a sake harbawa. Saboda haka muryar bindigar Kawu sananniya ce kamar tarinsa.

Sai dai ba kasafai ake jin ta ba. Kawu yana rowar harsashi, yana shinshina kowane ƙunshi kafin ya saya, yana zargin na China da ƙarancin albarushi, na Rasha da tsufa. Ga kuma wahalar kwanso. Ba a barin ƙarfe a ƙasa, musamman kusa da ruwa, don kada iskokin da ke da wurin su fusata su juya wa dabbobin mutum baya. Ita kuwa wannan bindiga wurgi take yi da kwansonta can nesa cikin ciyawa. Maƙwabcinsa Sosor yakan ce kafin Yondon ya gama rarrafen neman kwansonsa, kyarkecin da ya kuskure ya je gida ya ci abinci, ya yi barci, ya dawo da ƙannensa.

Sosor ne gatan Kawu. Tun da matar Kawu ta rasu, 'yarsa ta tafi Ulanbato, babban birni, a mazaunin hunturun gidan Sosor yake kafa ger ɗinsa, wato zagayayyen tantin da muke zama a ciki, a gindin wani dutse da ke tare iskar arewa. Akwai garken da kashin tumaki na kaka da kakanni ya taru ya zama shimfiɗa mai ɗumi, akwai samarin da za su fasa ƙanƙarar rijiya. Wurin ba na Kawu ba ne. Kowace kaka sai Sosor ya zo ya sha shayi ya ce a shirya, sannan a tafi. Tsoho shi kaɗai ba ya fitar da garke daga hunturun lardinmu na Zabhan. Ran da Sosor bai zo ba, sai dai Kawu ya sayar da dabbobinsa ya koma gefen birni wurin 'yarsa, ya zauna yana shaƙar hayaƙin kwal.

A kakar da nake ba da labari na dawo daga Burno, wani birni a Turai, inda na yi shekaru ina karatun likitancin dabbobi, na sauka wurin Kawu kafin a ba ni ɗaki a cibiyar gunduma. Allurata ma ba ta tsira daga zarginsa ba. Ya ce ruwan da ke ciki ya yi kama da na rijiya, kuma ya ji an ce Turawa suna gwada magani a kan tumakin talakawa. Da tsokana yake kira na Likita, ni kuma ina ta kallon abubuwan da na girma cikinsu kamar an ɗan matsar da su daga inda na bar su.

Wata rana da la'asar, bayan sanyin farko ya sauka har bakin bokiti ya fara daskarewa, aka ji harbi daga wajen idon ruwa. Biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya, kusan a manne. Duk kwarin ya ji. Washegari Namhai, babban ɗan Sosor, ya tarar da kilin dokin gidansu a mace a can, da rami a goshi.

Ba kowane doki ba ne. Seter ne, wanda aka ɗaura wa shuɗin ƙyalle a wuya aka bar wa iskan da ke da dutsen. Ba a hawansa, ba a aske masa geza, ba a sayar da shi, ba a kashe shi ko da ya tsufa ya zube. Arzikin garke a jikinsa yake tafiya.

Da aka tambayi Kawu, ya ce karen dutse ya harba ya kuskure. A wajenmu ba a kiran kyarkeci da sunansa idan ana tsammanin yana kusa. Ba wanda ya yarda, har da ni. Mutumin da ke jin zafin harsashi ɗaya ba zai zubar da biyu a numfashi guda ba. Handa, matar Sosor, ta tuna wa kowa cewa kilin ya taɓa karya shingen ciyawar da Kawu ya tara don hunturu, kuma an ji shi yana cewa da ba don ƙyallen nan ba da tuni dokin ya zama busasshen nama. Ya faɗa kuwa, ina wurin.

Na bi Sosor da Namhai wurin gawar da jakar aikina. Na ce in an bari na buɗe kan zan ciro harsashin, a san bindigar. Sosor bai ko dube ni ba.

"'Yar nan, wuƙar Turai ba za ta shiga kansa ba. Kan dutse za a kai shi ɗungurungum."

Na tsuguna duk da haka. Ƙasar da ke kewaye da dokin a tone take, irin tonon dabbar da ta daɗe tana neman tashi ta kasa. Ƙafar gaba ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ga ramin tarbaga, dabbar nan mai kama da gafiya, a gefe da bakinsa a rushe. Gawa ba ta kumbura haka. Na miƙa hannu zan taɓa, sai Sosor ya gyara tsayuwa, gefen rigarsa ya sauka daidai kan ƙafar. Ya aiki Namhai ya kawo igiya, ya tsaya a wurin har na miƙe. Mutumin da ya tashi cikin dawaki ba ya buƙatar wanda ya je Burno ya nuna masa karaya. Na koma gida ina zargin mutum biyu maimakon ɗaya.

Kawu kuma ya ƙara ɓata lamarinsa da kansa. Kullum da safe, da ya saki tumaki, sai ya karkata dokinsa wajen idon ruwa. Handa tana ganinsa da madubin hangen nesa daga ƙofarta, tana gaya wa duk wanda ya tsaya shan shayi cewa abin da mutum ya yi ne ke jan ƙafarsa. Namhai ya daina sauka daga doki in ya wuce ta gabanmu. Da na je yi wa 'yan maruƙansu allura, a ƙofa aka miƙo mini cuku busasshe, ba a ce in shigo ba. Ni ma na ɗauki madubin Kawu wata safiya na hau tudu. Na hango shi a durƙushe, hula a gefe, yana tsefe ciyawa da yatsu.

Da na dawo aiki ran nan na tarar ya warware bindigar a kan fatar akuya, ya jefa ƙarfen cikinta a tukunya yana tafasawa. Wani farin maiƙo yana yawo a saman ruwan, ɗakin duk warin rago.

"Kawu, miyar bindiga za mu sha yau?"

"Ke dai zauna, Likita. Kitse ne."

A hankali, yana juya tukunyar da tsinke, ya gaya mini. Man bindigar da ake sayarwa a kanti ya daɗe yana zargin an sirka shi da kananzir, don haka ya koma shafa mata kitsen wutsiyar tunkiya, wanda da shi ake gyara sirdi da takalmi da fasasshen leɓe, shi ake ba jariri ya tsotsa. Duk bazara ta yi lafiya. Da sanyi ya sauka sai kitsen ya daskare ya riƙe allurar da ke dukan gindin harsashi, ta tsaya a waje. Ya ja kunama sau ɗaya, ƙarfen ya koma ya rufe da ƙarfi, na biyu ya tashi da kansa ya tafi sama. Kwanso ɗaya ya samu. Ɗayan yana nan wani wuri a bakin ruwa.

"Na biyu kitse ne ya harba," in ji shi.

"Na farkon fa?"

Ya tsamo ƙarfen ya shiga goge shi da tsumma. Na ce masa na ga ƙafar, na ga ramin, kuma zan je in faɗa a gaban Handa da Namhai cewa dokin ya karye tun da ransa, ba mai tashinsa. Nan ya ɗago.

"In kin faɗa, sai su tambayi wa ya yanko ciyawa ya ajiye masa a baki. Sai su tambayi sawun dokin wa ya zagaye shi ya koma gida tun da safe. Kin je makaranta mai nisa, amma ki bar wannan."

Ashe Sosor ya riga kowa ganin kilin. Ya sauka, ya zauna, ya ba shi ciyawa, ya tafi bai gaya wa kowa ba, domin hannunsa ba zai iya ba, bakinsa kuma ba zai iya sa wani ba. In aka bar shi har duhu, karnukan dutse za su fara cinsa da rai. Kawu ya ce da harbi ɗaya ne, da an ɗauka wani mafarauci ne mai wucewa, laifin ya bi iska. Yanzu laifin ya samu mai shi, kuma gara ya zauna a ger ɗin da ba yara a ciki.

Ban ce masa na yarda ba. Na dai ci gaba da kallon hanya tare da shi. Kawunan duwatsu suka yi fari da dusar ƙanƙara. Daga tudu muna ganin gidan Sosor suna kwance rumfuna suna ɗaure kaya a kan amalanke. Kawu ya fara tambayata, kamar ba komai, nawa ake sayen tunkiya a cibiyar gunduma bana.

Ana saura kaɗan su tashi, muka ji an yi kira daga waje a kama kare, irin sallamar baƙo a wajenmu. Sosor ne, shi kaɗai. Ya shigo ya zauna a gefen baƙi, na zuba masa shayi mai madara da gishiri. Suka tambayi juna ƙibar dabbobi da lafiyar kaka, suka daɗe a kan ciyawa. Sannan kowa ya ciro battar asararsa, garin tabar shaƙa, suka miƙa wa juna da hannun dama kamar kullum. Da hannuwan suka haɗu na ji wani ɗan ƙara da ba na batta ba. Kawu ya buɗe tafinsa, ga kwanso, ya fara tsatsa a gefe ɗaya.

"A ƙarƙashin dutse yake, a bakin ruwa," in ji Sosor. "Idonka ya tsufa. Ina ta kallonka kana kiwo da gwiwa kamar ɗan akuya."

"Tun yaushe yake aljihunka?"

Sosor ya shaƙi asara, ya yi atishawa, ya goge hanci. Ya ce jibi za a tashi. Ya ce Handa ta rantse bindigar nan ba za ta kwana a tsakanin ɗakuna ba, kuma ger ɗin Kawu ba zai tsaya kusa da nasu ba, sai dai a bayan garke. Kawu ya ce a bayan garke iska ke sauka. Sosor ya ce haka ne. Kawu ya tambaya, in karnukan dutse suka zo fa, da ludayin Handa za a kore su? Sosor ya ce akwai ƙusa a rumfar tumaki, a rataye ta can.

Kawu ya juya kwanson a hannunsa, ya jefa shi cikin jakar fatar da yake tara sauran, ya ce in ƙara wa baƙo shayi.

A bayan garke ya yi hunturun nan, da na bayansa. Handa tana aiko masa da nama ta hannun 'yarta, amma ba ta sake zuba masa shayi da hannunta ba. Namhai yana fasa masa ƙanƙarar rijiya, amma har yau in an ambaci kilin sai ya tashi ya fita. Na kawo wa Kawu man bindiga na gaske daga Uliyastai. Ya shinshina, ya ɗiga a yatsa, ya ce an sirka, sannan ya yi amfani da shi.

Idon ruwan nan a kan hanyar da Kawu ke bi ne kowace la'asar in zai tattaro tumakinsa, da bindiga a kafaɗa, kuma Sosor ya san haka shekara da shekaru. Na taɓa tambayar Kawu ko yana ganin ciyawar da aka yanko don dokin aka ajiye ta, ko don wanda zai wuce ya gani. Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, tun kafin ya sauka daga doki.