Tafukan Kakana a Kunnuwana

Murfin tukunya ne ya suɓuce mini da safen nan, ya faɗi bayan maigidana. Kaji suka watse, shi ko bai waiga ba. Tun da ya fara tuƙa tarakta a gonakin Urafane, sai na maimaita magana yake amsawa.

Nan take na tuna kakana. Da hauya yake noma, kuma da kunne yake gane ko ƙasa ta sha ruwa, daga ƙarar shigar hauyar cikin rairayi. Wata rana na kai mishi fura, tarakta ta biyo gonar maƙwabci tana ruri. Ya yar da hauyar, ya rufe mini kunnuwa da tafukanshi masu kaushi, masu ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nashi ya bar su a buɗe.

Da ta wuce ya ce, "Amarya, baya in ya gaji, hutu na maido shi. Kunne kam ban sani ba."

Allah ya haskaka kabarinshi, ya tsare ma maigidana jin da ya rage mishi. Ban shafa addu'ar ba ɗiyata ta ja mini zane.

"Inna, jiya ma Baba bai ji kiran salla ba. Ni na taɓa shi."