Cilakowar da ta dawo mana da Inna

Jiya jikata ta nuna mini hoton masu yawo da keke a dajin duwatsun Ta'if, sai ga hawaye. Yaya Sani na tuna, wanda muka binne watan jiya.

A shekarun sittin ne, ina yarinya, muna zaune a unguwar Mansur, a ƙasa mai tsarki. Tun da Baba ya rasu Inna ta daina cin abinci. Kullum sai ta ce ƙasar nan ba itace ba tsuntsu, ita gida za ta koma ta mutu. Muna kallo tana ramewa.

Yaya Sani mai gyaran keke ne. Ya roƙi wani direban lori ya hau da mu dutsen Ta'if. Inda mota ta sauke mu, ya ɗora Inna a keke yana turawa, ina biye. Tsofaffin itatuwa sun rufe sama, gajimare yana jiƙa mana mayafi.

Can wata tsuntsuwa mai ƙaton baki ta yi kuka. Inna ta diro.

"Sani, cilakowa! Wallahi irin ta garinmu! Me ya kawo ta nan?"

"Hajji ta zo kamar ku, Inna, ta ƙi komawa. Ko iƙama, takardar zama, ba ta da ita, ga shi har ta yi ƙiba."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ƙafarta ta ƙarasa hawan, ta riga mu kaiwa. A can ta ce, "Ina gurasar nan da muka zo da ita?" Ta cinye tas.

Inna ta rayu har ta goyi 'ya'yana. Ku sa Yaya Sani a addu'a. Ku fa, wa ya taɓa dawo muku da naku?