Tirelar da Za Ta Ɗauki Motata

Direba na tsugune a zaure yana jirana. Ruwan kogi ya fara shigowa unguwarmu, shi ne ɗana daga Kano ya turo a ɗauke tsohuwar motata. Ni kaɗai nake gidan, ƙafafuna ko masallaci ba sa kai ni.

"Baba, buɗaɗɗiyar tirela zan kawo ko rufaffiya? Rufaffiya ta fi, ruwa ba zai taɓa ta ba."

"In ka rufe, wa zai san an ɗauka?"

"In a buɗe ne kuwa, duk Haɗeja cewa za a yi ka rasu, an raba gado."

Na ce ya kawo buɗaɗɗiyar. Ko ta'aziyya ce ta kawo mutum, zai leƙo ya ga ko ruwa ya iso ɗakina.

Jama'a, na yi wauta?