Jan Zaren da Inna Ta Ɗaura Mini

Assalamu alaikum, ’yan’uwa.

Tun kafin azumi rabona da sa hoton ’yar tsana a shafin nan. Wata ma saƙo ta aiko, wai ko kuɗi na yi na daina kula mutane. Ina fa! Jinya na yi, kuma sai yau na iya ba da labarin.

Ga wanda bai san ni ba, saƙar kwarashi nake yi a ƙauyenmu, nan gefen Kunci. ’Yan tsana, ’yan raguna, hular jarirai. Da sabon zare ya fi ƙarfina, sai na koma sayo tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo a kasuwar Ɗambatta. Inna, mahaifiyata, ita ke warware su, ta wanke, ta naɗe mini.

Ina ɗinka wa wata ’yar tsana ido allura ta soke ni a manuniyar hagu. Masu saƙa sun san yatsan nan, a kansa zare yake hawa. Na tsotse jinin na ci gaba da aikina.

Sai kumburi. Sai zugi kamar ana buga mini taɓarya.

Maƙwabta suka ce ɗan karkare ne, ciwon yatsa da kowa ya sani. A huda lemon tsami in zura yatsan. Kuma kada in kuskura in je asibiti, wai ba ya shiri da allura. Ga ƙishirwa da yawan fitsari sun dame ni tun tuni, ni kuwa na ɗora wa zafin bazara.

Da kumburin ya fara gangarowa, Inna ta tsinko jan zare daga kwandona. Ta yi bismilla, ta naɗe gindin yatsan tamau.

“Daga nan ba zai wuce ba, da yardar Allah,” in ji ta.

Zugin kuwa ya lafa. Wallahi har murna muka yi. Ashe jini ne ya daina zuwa.

Da yatsan ya yi baƙi ya fara wari, maigidana ya ce shi kam ya gaji da jin ta mutane. Ya ɗora ni a mashin sai asibiti a Bici. Zaren ya nutse cikin nama, da ƙyar nas ta sa almakashi ta yanke shi. Aka gwada jini, aka ce ciwon suga gare ni, mu wuce Kano.

Akuyata aka sayar, da geron da muka ajiye don damina. Kuɗin mota kaɗai abin kuka ne. A can kuma komai kai za ka sayo: bandeji, auduga, ledar ruwa, har safar hannun da za a taɓa ka da ita.

Likita ya juya hannun ya ce, “Baiwar Allah, yatsan nan ya mutu. Suga ya hana shi warkewa, ɗaurin kuma ya tsayar da jini. In muka bar shi zai ja hannun.”

Inna tana tsaye a bayana, ta ji komai.

Na ce, “Likita, zan sake saƙa?”

Ya ce, “Mu fara ceton hannun tukuna.”

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Aka cire yatsan daga gindi. Kullum da safe a soki wani yatsan a duba suga, a yi allura, sannan wankin ciwo. Wankin ciwon nan ko maƙiyina ba na yi masa fatansa.

Da muka dawo gida na nemi kwandon zarena na rasa. Inna ta ɓoye shi a rumbu. Za ta kawo mini abinci, ta daka mini zogale, amma ba ta yarda ta kalli hannun.

“Inna, suga ne fa,” na ce mata.

“Hannuna ne ya ɗaura,” ta ce, ta fita.

Wannan ya fi ciwon ci mini rai.

Da ciwon ya kame, na je na ciro kwandona. Na zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida na gwada. Zare ya rasa inda zai hau, in na jawo sai ya zame. Na yi wurgi da kwarashin, na fashe da kuka kamar yarinya.

Ban ji tahowar Inna ba. Ta ɗauko kwarashin ta miƙo mini, ta zauna a haguna, ta ɗora zaren a kan tata manuniyar.

“To, ja.”

Na ja, ya ƙi tahowa. Na ce, “Haba Inna, kin matse da yawa.”

Na yi da na sanin maganar. Na ɗauka tashi za ta yi, amma ta share ido da haɓar zani, ta sassauta, ta ce, “Yanzu fa?”

Zare ya taho.

Yanzu ina koya wa yatsan tsakiya aikin, sugana kuma ya daidaita, alhamdulillahi. Maigidana, ma’aikatan da suka wanke mini ciwo, da ku da kuka yi ta cigiyata, Allah Ya saka da alheri.

Don Allah, ’yan’uwana masu saƙa da ɗinki, kada ku raina sukar allura. Kada ku ɗaure yatsa mai kumburi. Allurar asibiti ba ta kashe mai ɗan karkare, ga ni nan ta yi mini rana. In ciwo ya ƙi warkewa, ko ƙishirwa ta yi yawa, a je a gwada suga. Kuma wanda ya yi muku kuskure don ƙauna, ku ja shi a jiki, shi ma jinyar yake yi.

Ɗan ragon da ke cikin hoton nan shi ne na farko da muka saƙa ni da Inna. Kunnensa ɗaya ya fi ɗaya, na gani, kada ma ku faɗa. Ba na sayarwa ba ne.

Igiyar wuyansa ragowar jan zaren nan ce. Inna ce ta ɗaura masa, sako-sako.